Gam a Kan Katako Mai Fenti ko Rini: Yadda Ake Zaɓa da Yadda Ake Sa Shi Ya Kama

Shagon kafinta a Zaria ba ya rasa irin wannan aikin. An kawo kujerar falo da ɗan adon hannunta ya ɓalle, ko firam ɗin madubin amarya da kusurwa ɗaya ta buɗe baki, ko allon zayyana da aka manna wa haruffan katako suka fara zuba ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki guntun da ya faɗo ka juya bayansa. Gam ɗin yana nan ya bushe ƙam, ɓawon fenti ya biyo shi, can kuma wurin da ya ɓalle katako ya fito tsirara. Gam ya riƙe abin da aka ba shi. Fentin ne ya saki katakon.

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan ya taso. Gam yana kama abin da ya taɓa ne kawai, don haka idan ka shafa shi a kan fenti, ƙarfin haɗinka ba zai wuce ƙarfin da fentin ya riƙe katakon da shi ba. Kamar sabon yaɓe ne a kan tsohon da ya riga ya saki bango, damina ɗaya za ta zubo da su tare. Kafin a je ga tambayar wane gam za a saya, akwai tambayoyin da suka riga ta.

Da farko, gane abin da ke jikin katakon

Ido kaɗai ba ya raba su. Katako mai launin ƙasa-ƙasa zai iya zama rini ne kawai ya sha, zai iya zama an bi rinin da sila, wato shafin farko da ke toshe ƙofofin katako, da banish, zai kuma iya zama bod ne mai fuskar roba wanda aka buga wa zanen katako a masana'anta. Nemi wuri a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko bayan firam, ka yi waɗannan gwaje-gwajen.

Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya ka ba shi minti biyu. Idan ya shige, wurin ya yi duhu, ƙofofin katakon a buɗe suke, rini ne mara ɓawo. Idan ya tsaya ya dunƙule yana gangara, akwai abin da ya rufe fuskar. Sai ka jiƙa farin tsumma da sifirit, irin wanda ake samu a kemis, ka goga na ɗan lokaci. Fentin ruwa, wato irin na bango, yana laushi ya biyo tsumman. Fentin mai ba ya ko motsi. Bayan nan gwada tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi: sila da banish ɗin feshi da kafintocinmu ke amfani da su a kayan ɗaki suna narkewa su yi danƙo nan take, banish mai tauri irin na buroshi kuwa yakan jure.

Hanci ma yana aiki. Katakon da aka shafa wa Solignum ko baƙin mai saboda gara yana da warinsa, kuma man ya shige can ciki. Irin wannan ba gam ɗin da zai ba ka abin da kake so, sai ka fere shi har ka kai wurin da man bai isa ba, ko ka haƙura ka dogara da sukuru.

Akwai kuma dattin da ba a gani. Kayan ɗakin da suka yi shekaru a gida sun sha man goge kujera, sun sha hayaƙin turaren wuta da maiƙon hannu. Wanke wurin da ruwa mai ɗan sabulun gari, tsumman a matse sosai, ka bar shi ya bushe, kana ka ɗauki samfefa. Idan ka fara da samfefa, maiƙon za ka tura cikin ƙarcen da kake yi.

Sai ka gwada ko fentin kansa ya riƙe

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali bai kai minti biyar ba. Da sabuwar reza, ja layi biyar ko shida kusa da juna a ɓoyayyen wuri, kowane layi ya ratsa fentin ya taɓa katako. Ja wasu su gitta su, ka sami ƙananan murabba'ai kamar gidan dara. Manna salatif mai ƙarfi a kai, danna shi da farce, ka fizge da sauri. Duba salatif ɗin a haske. Idan ya fito fes, ko da 'yan ɓurɓushi a bakin layukan, fentin ya zauna. Idan murabba'an suka biyo shi, kada ka ɓata kuɗinka a kan gam mai tsada, dole fentin wurin ya tashi.

Sabon fenti yana da tasa matsalar. Fentin mai yana bushewa a taɓa cikin yini guda, amma can ƙarƙashi da sauran laushi har kwanaki, a damina ma ya fi daɗewa. Danna farce a gefe: in ya bar shaida, ko har yanzu ana jin warin fentin sosai, bai isa a manna masa komai ba. Ni nakan ce a ba shi aƙalla mako guda.

Me haɗin zai ɗauka, kuma a ina zai zauna?

Harafin katako da aka manna a allon suna nauyin kansa kawai yake ɗauka. Ƙafar kujerar tsuguno, hannun akwati, ko maɗaurin kantar da za a jera wa littattafai, waɗannan kullum ana jijjiga su. Hukuncina a nan ba shi da sassauci: duk haɗin da zai ɗauki nauyin mutum ko na kaya, ba a yin sa a kan fenti, kowane irin gam ne. Ado mara nauyi shi ne ake iya yi wa rangwame.

Wurin zama ma yana canza zaɓi. Abin da za a rataye a falo daban, allon sunan shago da zai sha ranar Afrilu a bakin titin Samaru da ruwan Agusta daban.

Fito da katakon, in da hali

Ɗora guntun a inda zai zauna, ka zagaye shi da fensir, ka ɗauke. Manna salatif ɗin takarda a wajen layin don ya kare fentin da za a gani. Sai ka kankare cikin layin, amma ka tsaya kamar milimita 2 kafin ka kai shi, yadda in guntun ya zauna zai rufe bakin kankarar, ba wanda zai san an taɓa wurin.

Kankara ta fi samfefa kyau a ƙaramin wuri. Cizal mai kaifi a tsaye, ko reza, ko ɓallin gilashi irin yadda tsofaffin kafintoci ke yi, duk suna ɗauke fenti ba tare da sun cinye katako ba. Bayan nan bi da samfefa mai lamba 120, a naɗe jikin ɗan katako mai shafaffen ciki. Da yatsa kaɗai za ka yi wa wurin kwari, fuskokin biyu su daina haɗuwa, farin gam kuwa ba ya cike gurbi. In fentin mai kauri ne fara da lamba 80. Kada ka wuce 180 a wurin da za a sa gam, santsin da ya yi yawa ba ya ƙara komai. Share ƙurar da busasshen buroshi, ka sa gam a ranar.

Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, yana iya ƙunsar dalma, kuma ƙurarta guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara. Jiƙa wurin kafin ka kankare don kada ƙura ta tashi, rufe hancinka, kada a yi aikin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

Sau da yawa mai kaya ce za ta ce, "Don Allah Malam, kada a taɓa min fentin nan." Amsar da ta dace ita ce, "Hajiya, wurin da za a kankare guntun ne zai rufe shi, ba za ki gan shi ba. In ba a kankare ba kuwa, kafin babbar sallah za ki dawo da shi." Yawanci in an nuna mata layin fensir ɗin hankalinta yana kwanciya.

Ga wata dabara da nake so ƙwarai, don tana warware matsalar ba tare da kankara mai yawa ba. Huda rami a fuskokin biyu, ka sa ƙusar katako mai kaurin milimita 6 ko 8. Fentin yana sama ne kawai, bangon ramin kuwa tsurar katako ne, farin gam zai kama shi da dukkan ƙarfinsa. Ƙusar katako biyu sun isa su hana ƙaramin guntu juyawa ko zamewa. Don ramukan su dace da juna, buga 'yar ƙaramar ƙusar ƙarfe a fuska ɗaya, yanke kanta da filaya ka bar ɗan tsini, danna ɗayan guntun a kai ya bar shaida, sannan ka zare ƙusar ka huda duka wuraren biyu.

Idan tsohon haɗi ne ya saki, tsohon gam ɗin ma sai ya tashi, domin shi ma ya toshe ƙofofin katakon. Ruwan ɗumi yana tausasa tsohon farin gam, a kankare, a bar wurin ya bushe sarai.

Zaɓin gam

Farin gam, wanda a kasuwa kowa ke ce wa Top Bond ko wane kamfani ne ya yi shi, ƙwayoyin roba ne a cikin ruwa. Yana aiki ne idan katako ya tsotse ruwan, ƙwayoyin suka shiga ƙofofinsa suka haɗe. Tsakanin tsurar katako biyu da suka dace da juna, haɗinsa yakan fi katakon ƙarfi, in an karya itacen ne ke tsagewa. Tsakanin fenti da fenti kuwa ruwan ba shi da hanyar fita: baki-baki ya bushe, tsakiya ta kwana biyu tana jiƙe, in ta bushe ma sai ta ɓare kamar leda. Don haka farin gam na wurin da ka kankare ne. Yana yi a kan rinin ruwa ko na sifirit wanda ya ci gwajin ɗigon ruwa, bayan ya bushe an ɗan bi shi da samfefa. Rinin mai yana rage masa ƙarfi, rinin da aka gauraya da sila ko banish kuwa ka ɗauke shi a matsayin fenti. Na gama-gari ba ya jure ruwa. Don aikin waje nemi wanda aka rubuta D4 a jikinsa, ko Titebond III in ka samu.

Gam mai tub biyu, wanda aka fi sani da Araldite, shi ne na farko da nake miƙa wa hannu idan ba yadda za a yi a cire fentin. Ba ya buƙatar katako ya tsotse komai, haɗuwar ruwan tub ɗin biyu ce ke sa shi ƙanƙara, saboda haka yana ƙanƙara ko tsakanin fuskoki biyu a rufe. Yana cike gurbi, yana jure ruwa, yana haɗa katako da ƙarfe ko tangaran. Amma yana son abin kamawa: ƙarce fentin da samfefa mai lamba 120 zuwa 180 har ƙyallinsa ya mutu gaba ɗaya. Matso daidai wa daida daga tub ɗin biyu a kan kwali, ka juya har launin ya zama ɗaya, ka ƙara juyawa kaɗan. Ƙara na tub ɗin da ke sa ƙanƙara ba ya sa shi sauri, laushi yake sa shi, ya zauna yana danƙo har abada. Akwai mai kamawa a minti 5, akwai mai jinkiri da ke son kwana guda. Mai jinkirin ya fi ƙarfi kuma yana ba ka lokacin daidaita aiki, mai saurin kuwa a zafin bazara kafin ka gama shafawa ya fara kauri, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Ga ƙafar kujera da ta yi wa raminta kaɗan tana girgiɗi, zuba masa ɗan lallausan garin katako ya yi kauri, zai cike wurin. Rana tana sa shi rawaya, kada ka bar shi ya fito fili a kan farin fenti.

Sufa gulu na ƙananan abubuwa ne: harafi, ɗan fure, duwatsun ado, siririn katakon da aka zagaye akwatin sarƙa da shi. Yana kama fenti mai tauri da kyau in fuskokin sun haɗu ƙam. Yana da gautsi, bugu ɗaya daga gefe yana ɓalle shi, kuma ba ya cike gurbi. Laimar da ke cikin iska da jikin abu ce ke sa shi kamawa, shi ya sa a tsakiyar hunturu za ka ga yana jinkiri. Huro wa ɗaya fuskar numfashi kafin ka haɗa. Ɗigo kaɗan ya fi mai yawa kamawa. In ya yi yawa, tururinsa yana barin farin hazo a gefen haɗin, a kan baƙin fenti ko banish mai duhu abin yana da muni, kuma sinadarin da ke cire shi yana cin banish ɗin ma. Mai kauri ya fi na ruwa-ruwa a katako, don na ruwan yana gudu ya bi fuskar aiki. A kula da dabarar nan ta cusa auduga ko tishu a zuba masa sufa gulu: yana yin zafi har ya ƙona yatsa, kuma hayaƙinsa yana shiga ido.

Ana iya haɗa shi da farin gam a wurin da aka kankare. Shafa farin gam a tsakiya, ka bar wuri biyu ko uku a bushe, ka ɗiga sufa gulu a nan. Danna na rabin minti. Sufa gulun ya riƙe guntun a wurinsa, farin gam ya samu sukunin bushewa. Ga ado a jikin abin da ke tsaye, kamar ƙofar wadirob, inda ba yadda za a matse, wannan ta fi komai sauƙi.

Evo-Stik da 'yan uwansa na faffaɗan abu ne mara kauri: fomeka, fata, yadi, siririn falle na katako. Ana shafa wa fuskokin biyu, a jira kamar minti 10 zuwa 20 har in ka taɓa da bayan yatsa ba ya biyo ka, sannan a haɗa. Da zarar sun taɓa juna ba gyara. Sinadarin da ke cikinsa yana narkar da banish ɗin feshi, yana kuma sa wani fentin ya yamutse, don haka gwada a ɓoye tukuna. Roba ne, ba ya ƙanƙara, in ya ɗauki nauyi a zafi yana zamewa a hankali. Ba na ƙafar kujera ba ne. Yana kama wuta, kuma warinsa ɗan uwan na sholisho ne, don haka maigidan shago ya san inda gwangwanin yake kwana, ya kuma sa a yi aikin a wuri mai iska.

Akwai gam mai kumfa, irin Gorilla Glue, mai launin zuma. Yana jure ruwa, yana kama fuska ɗaya mai fenti ɗaya tsurar katako. Laima yake buƙata, a hunturu sai ka shafa wa tsurar fuskar jiƙaƙƙen tsumma. Kumfar da yake yi tana ruɗin mutane su zaci ta cike gurbi, alhali ba ta da ƙarfi ko kaɗan, kuma tana tura guntun sama in ba a matse ba. In ta fito ta hau fenti, ta ɓata shi. Ga aikin ado mai tsabta ba na son sa.

Gam ɗin kyandir da ake narkarwa da bindiga ya dace da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu haɗa samfurin gini da kwali, da masu adon biki na yini guda. A kan fenti mai santsi yana ɓarewa da farce, kuma in aka bar aikin a cikin mota a rana zai saki.

Madubi da gilashi a jikin katako mai fenti suna son gam mai ɗan laushi. A nan a yi hattara da silikon mai warin tsami, don yana cin azurfar bayan madubi, bayan watanni baƙin tabo ya fito ta gaba. Nemi wanda aka rubuta na madubi ne. Kuma fenti ba ya zama a kan silikon, duk inda ya taɓa ka rasa wurin.

Katakon kansa da yanayin Zaria

Obeche da malaina, da maɗaci in ya bushe, suna karɓar gam ba gardama. Tik yana da mai a jikinsa, loko ma haka, saboda haka goge wurin da tina, ka bar shi ya bushe na 'yan mintuna, ka sa gam nan take kafin man ya sake tasowa. Bod ɗin wadirob mai santsi fuskarsa roba ce, farin gam ba ya kama ta. Gefen MDF kuwa, wato bod ɗin da ake yi da niƙaƙƙen katako, da kan katako inda zarto ya yanke suna shanye gam kamar ba a sa ba: shafa siriri, jira minti kaɗan ya shige, ka sake shafawa kafin ka haɗa.

Katako da yawa da ke zuwa wurin 'yan katako a Sabon Gari daga kudu yake fitowa, da laimarsa. Ya shigo garin da hunturu ke busar da komai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Katako yana ƙanƙancewa ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Idan ka manna dogon siririn katako a gicciye bisa faffaɗan allo da gam mai tauri daga wannan baki zuwa wancan, a watan Agusta, to a Janairu ɗayan biyu zai faru: allon ya tsage, ko fentin da ke ƙarƙashin gam ɗin ya yage. Maganin shi ne a sa gam a tsakiya kawai, gefe-gefen a riƙe su da sukuru a rami mai ɗan faɗi, allon ya samu wurin motsi. Katakon da aka sayo kuma a jingine shi a inuwa, da tazara tsakanin kowane falle, ya yi makonni kafin a yanka.

Iskar hunturu tana sa farin gam ya yi fata cikin mintuna kaɗan, kuma gam ɗin da ya yi fata ba ya shiga ɗaya fuskar. Shirya komai kafin ka buɗe robar, ka juya wa iska baya, ka rufe ƙofa saboda ƙura. Farin gam ba ya son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10, yakan bushe fari kamar alli ba ƙarfi, don haka a safiyar da sanyi ya tsananta bari rana ta ɗaga. A damina kuwa ninka lokacin jira.

Shafawa da matsewa

Haɗa guntayen a bushe tukuna, ka ga sun zauna ba haske a tsakani. Sai ka shafa farin gam siriri, ya rufe ko'ina, da buroshi ko yatsa. In ka matse, ya kamata ka ga ƙananan ɗigo sun fito a jere a bakin haɗin. Ba su fito ba, gam ya yi kaɗan. Yana zuba, ya yi yawa.

Rashin kilam, wato ƙarfen matse katako, ba uzuri ba ne. Tsohon tub ɗin babur da aka yanka tsiri-tsiri yana matse firam da ƙafar kujera fiye da yadda ake zato. Igiya da sandar murɗawa tana yi, bulo ko leda cike da yashi yana danne abu a kwance. Sa kwali tsakanin abin matsewar da fentin don kada ya bar shaida, da leda a ƙarƙashin aikin don kada ya manne da benci. Ƙarfen kilam in ya taɓa jiƙaƙƙen farin gam a kan katako yana barin baƙin tabo, raba su da takarda. Farin gam yana son matsi mai ƙarfi na minti 30 zuwa awa guda, haɗin da zai ɗauki nauyi kuma ya kwana a matse. Araldite akasin haka ne: a riƙe shi kawai ya zauna, in aka matse da ƙarfi duk ya tsiyaye ya bar wurin ba komai.

Yaron shago zai taɓa bayan awa guda ya ce, "Oga, ai ya kama." Ya kama, amma bai yi ƙwari ba. Awa 24 kafin a zauna a kai, ko a rataye, ko a ɗora a bayan babur zuwa Tudun Wada. A nan ne sauri kan haifi nawa.

Gam ɗin da ya fito waje

A kan fenti ko banish da ya bushe, share farin gam nan da nan da jiƙaƙƙen tsumma, ba zai bar komai ba. A kan tsurar katako da za a rina daga baya, kada ka yi haka. Ruwan yana tsinka gam ɗin ya shigar da shi cikin ƙofofin katako, ido ba zai gani ba sai ranar da aka shafa rini, wurin ya fito fari-fari kamar ƙyasbi a gefen kowane haɗi. Bari ɗigon su yi minti 20 zuwa 30. Taɓa ɗaya da bakin cizal: in ya yi kamar cingam, yana lotsawa ba ya fashewa, lokaci ya yi. Tura cizal ɗin a kwance, za ka ga gam ɗin yana tashi a dogon zare guda, katakon ƙarƙashinsa a bushe. Kafin rini, shafa wa wurin ɗan sifirit ka duba: katakon zai yi duhu, inda gam ya ɓuya zai tsaya da haske, sai ka bi shi da samfefa.

Ga sabon aiki da kai ne za ka yi fentinsa, tsara shi tun farko. In launi ɗaya ne, haɗa, ka share, sannan ka yi fenti. In launuka daban-daban ne, kamar haruffa masu ruwan zinariya a kan koren allo, ko akwati mai lunguna da buroshi ba zai shiga ba, rufe wuraren haɗin da salatif ɗin takarda a guntayen biyu, ka yi fentin kowanne daban, ka ɓare salatif ɗin tun fentin bai gama ƙanƙara ba don bakin ya fito a miƙe. Ka sami fenti mai tsabta da tsurar katako a inda gam zai zauna.

Gwaji kafin babban aiki

In aikin mai yawa ne, kamar kyaututtukan biki guda hamsin ko kayan ɗakin amarya, ɗauki ragowar katakon, ka yi masa irin fentin, ka manna da gam ɗin da ka zaɓa, ka bar shi awa 24, ka buge shi da guduma daga gefe. Karayar za ta gaya maka abin da ya faru. Tsirin katako ya yage ya biyo gam: haɗin ya yi, ci gaba. Fenti ya tashi ya bar katako tsirara: sai an kankare. Gam ya ɓare fes ya bar fentin yana ƙyalli: ba a ƙarce sosai ba, ko akwai maiƙo, ko gam ɗin ba na wurin ba ne. Gam a fuskokin biyu, ya rabe ta tsakiyarsa: ya yi kauri da yawa, ko bai gama bushewa ba, ko ya lalace tun a kanti.

Na ƙarshen nan yana faruwa fiye da yadda ake tsammani, don zafi yana kashe gam a ajiye. Farin gam da ya yi gudaji, ko ya yi tsami, ko ruwa ya rabu ya taso sama ya ƙi haɗewa in an juya, ba na aiki ba ne. Wanda ake aunawa a leda wani lokaci an riga an tsinka shi da ruwa: ɗiga shi a kan gilashi ya kwana, mai kyau zai bushe garau, ya yi wuyar ɓarewa. Sufa gulu sayi ƙaramin tub, don da zarar an huda shi kwanakinsa ƙidayayyu ne, ka goge bakinsa kafin ka rufe. Murafun Araldite kuma kada su sauya wuri, na wannan tub in ya hau wancan, gobe ba mai iya buɗe shi.